Ƙwan Aro A Maƙogwaron Mota

Injiniya ya tsaya a tsakar gida, gaban kaji da mutane, ya rantse sai ya sa motar marigayi ta yi numfashin da ba ta taɓa yi ba tun ran da aka ƙera ta.

Shi wannan Injiniya ba wanda ya ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa. Ƙanen marigayi ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma in ka ga aikin hannun wannan ka ga na wancan, sai ka rantse a hanya aka tsinci ɗaya. Marigayi bakanike ne na gaske. Shi kuwa ƙanen, iyakar abin da ya haɗa shi da inji shi ne ya taɓa yin gadi a wani wuri da ake ajiye motocin tsere, yana buɗe musu ƙofa yana rufewa.

Da marigayi ya rasu, ya bar wa matarsa kaji, da gareji a jikin gida, da wata tsohuwar mota koriya mai dogon hanci, irin mai kafireto ɗin nan da aka daina yi. Ya kwance injinta, ya sabunta komai, saura kawai a ɗora kan inji a ɗaure, sai ciwo ya kwantar da shi. Matar ita ce ake kira Ba-Ragi, don tun da ta fara sayar da ƙwai ba a taɓa jin ta rage wa wani ko ɓawo ba.

Makullin gareji yana ƙulle a haɓar zaninta, kuma mutum biyu ne ke zawarcinsa. Na farko Tela, maƙwabcinta, wanda shagonsa ya yi ƙanƙanta har in zai yanka yadi sai ya fito da rabinsa titi. Na biyu Injiniya, wanda ya ce gado ne na jini.

"Matar Yaya," in ji shi, "ki ba ni makullin nan. Wurin ƙarfe ai ba a kai masa allura."

"Gadon jini yana jikinka, ka tafi da shi," in ji Ba-Ragi. "Gareji nawa ne. Amma zo mu yi ciniki. Ka ga kantin can na kan tudu da nake kai wa ƙwai? Ƙafafuna sun gaji da hawa. Ka haɗa motar nan, ka kai ni har ƙofar kantin da ƙwaina a ciki, ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Ka yi, makulli naka. Ka kasa, na Tela."

"Ko da ƙwai biyu ne suka ɗan tsage?"

"Ko ɗaya."

"To ɗaya da rabi."

"Kai, da wa kake magana?"

Ya amince. Tela da Wanzami, mai aski a bakin layi, suka zama shaidu. Ba-Ragi ta buɗe gareji da kanta, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, don ba ta yarda ta ba da makulli ko na aron minti ɗaya ba.

Aikin da ya rage bai kai a yi gumi ba. Ga kan inji a kan tebur, marigayi ya wanke shi tas ya lulluɓe da tsumma. Ga notoci a jere. Ko ita Ba-Ragi da za a nuna mata inda sifana ke kamawa da ta ɗaure. Amma Injiniya ya yaye tsumman, ya juya kan injin, ya leƙa ramuka huɗun da iska da fetur ke bi su shiga ciki, sai ya dafe ƙirji.

"Wayyo Yaya! Allah ya jiƙanka, amma ka cuci motar nan."

"Me ya yi mata?"

"Dubi maƙogwaronta! Ɗan tsurut. Sa yatsa ki ji, kaushi kamar bayan kada. Da wannan za ta hau tudu? Ai wannan mura ce aka haife ta da ita." Ya ɗaga kai ya buɗa hancinsa. "Dubi nawa. Kin taɓa ganin na yi haki? Ƙofa ce mai faɗi. Motocin tseren da na yi aiki da su, maƙogwaronsu kina iya zura hannu har gwiwa."

Wanzami ya ce, "Ashe har ciki ka leƙa? Na ɗauka daga ƙofar gida kake ɗaga musu hannu."

"Mai ido daga nesa yake gani."

Ba-Ragi ta ce, "Yayanka haka ya bar ramukan, da kaushinsu, kuma motar ta kai ni ko'ina."

"Yaya mutumin kirki ne, amma bai waye ba."

Ta ƙyale shi. Ba don ta yarda ba, sai don ba ta taɓa hana abokin ciniki yin abin da zai amfane ta ba.

Ya ɗauko ɗan injin gurza na marigayi, mai dutse a baki, ya jona wuta. Ƙara ta cika layin. Garin ƙarfe ya riƙa tashi yana sauka a kan komai, har a cikin kaskon dusar kaji. Da ya gama ramin farko ya zura yatsa biyu suka shige, ya yi murmushi. Ya yi na biyu, hannu ya zarce, yatsa uku suka shige.

"Wannan ya fi wancan," in ji Tela.

"Na sani. Gwaji nake."

Ya koma ya ƙara wa na farko don ya kamo na biyu, sai ya wuce shi. Ya koma na biyu. Kafin ya waiwayi na uku da na huɗu, na farkon sun zama kamar bakin tulu, dole ya bi sauran da gudu don su kamo. In ya daidaita wannan sai wancan ya ga kamar an rage masa. Haka ya yi ta zagaye, kwana da kwanaki, kan inji yana ramewa, shi yana ƙiba da alfahari.

Da yatsu suka ƙare masa, sai ya ce yana bukatar ma'auni na zamani.

"Matar Yaya, ba ni ƙwai ɗaya. Dafaffe. Ramin da ƙwai ya bi ya wuce, iska ma za ta wuce."

"Saya za ka yi?"

"Haba, a cikin gida? Aiki fa nake miki."

"Aikin makulli kake wa kanka. In ba za ka saya ba, aro ne. Ƙwaina ne, yana nan a matsayin nawa, ka dawo mini da shi yadda na ba ka."

"Na ji. Aro."

"Tela, ka ji?"

"Na ji, Inna. Aro."

Ta zaɓi ɗan ƙarami na budurwar kaza, ta dafa, ta miƙa masa. Ya riƙa tura shi a rami ɗaya bayan ɗaya, inda ya cije ya ƙara gurzawa. Mutanen layi suka fara zuwa kallo. Yakan ɗaga ƙwan sama kafin ya tura, kamar mai shirin yin dabo.

A nan ne maganar jar kaza ta taso. Ita jar kazar nan ta fi kowa haɗama, kuma ta yi kwanaki tana cin dusa da garin ƙarfe. Tela yana da maganaɗisu da yake tsince allurai da shi. Ran nan ya shigo da shi a aljihu, sai aka ga jar kaza ta taho a karkace, tana turjewa tana kuka, ƙafafunta suna jan ƙasa, har ta zo ta manne a cinyarsa.

"Inna! Kazarki ta kama ni!"

"Kai ka kama ta! Sake mini kaza!"

Wanzami ya riƙe Tela, Ba-Ragi ta riƙe kaza, aka ja. Da aka raba su, kazar ta ruga ta bi ta shagon Tela, ta fito da allurai a jiki kamar bushiya. Injiniya ya saki aikinsa ya fito yana bayani, wai wannan alama ce ƙarfen mai kyau ne. Aka daɗe ana cire allurai. Da ya koma gareji ya shafa tebur, ya shafa aljihu.

"Ina ƙwan?"

Ya juya kan Tela.

"Tela, kai ne ka tsaya kusa da tebur."

"Ni da kaza ke manne da ni?"

"Da hannu ɗaya kake fama da kaza, ɗayan fa? Buɗe bakinka mu gani. Kun ga makirci ko? Ya cinye mini ma'auni don in rasa makulli!"

Tela ya rantse har da hawaye. Injiniya ya bi layi yana faɗa wa kowa cewa Tela ɓarawon kayan aiki ne. Ba-Ragi dai ta ce ita ba ruwanta da wanda ya ci, wanda ta ara wa ta sani. Ba wanda ya tuna ya leƙa ramin ƙarshe, can ciki inda ya lanƙwasa.

Sai aka shiga babin sheƙi. Injiniya ya ce iska ba ta son tuntuɓe, dole bangon ramukan ya yi santsi kamar madubi. Ya goge da samfefa, ya goge da toka, ya ƙarar da man goge haƙoran gidan. Ukun farko suka yi ƙyalli har Wanzami ya leƙa ɗaya ya gyara gashin bakinsa. Na huɗun ya goge bakinsa kawai, ya ce cikin ya riga ya yi, don da ya leƙa ya hango wani abu fari sumul yana sheƙi.

Wurin gogen na biyu ne Ba-Ragi ta hango wani ɗan haske a bangon ramin.

"Wannan hujin fa? Da babu shi."

Ya gurza har ya ɓulla hanyar da ruwan sanyaya inji ke bi. Ya daɗe yana kallon hujin.

"Taga ce," in ji shi.

"Taga."

"Ɗaki ma ai ana yi masa taga. Amma tunda ba ki saba da irin wannan ba, bari in rufe miki."

Ya yanko sabulun wankinta ya cusa, ya tauna cingam ya liƙe a kai, ya danna da babban yatsa. Ya ɗora kan inji, ya ɗaura bututun da ke kawo iska da fetur, ya ɗora kafireto mai gauraya su. Matacin iska kuwa ya jefar da shi bayan gareji, ya ce takunkumi ne. Murfin gaban motar ma ya cire shi ɗungum, wai kada ya tare mata iska.

Ranar tafiya, da hantsi, layin ya cika. Ba-Ragi ta yi kwalliya, ta shiga baya ta zauna, ta ɗora kiret ɗin ƙwai a cinya ta rungume. Tela da Wanzami suka tsaya a gefe a matsayinsu na shaidu. Injiniya ya sa wani baƙin tabarau, ya zagaya motar yana gaisawa da jama'a.

"Ku matsa da yara da awaki! In ta ja numfashin farko, ban ɗauki alhakin abin da ta shaƙe ba."

Ya murza makullin mota. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Ta yi gurnani kamar mai barci an taɓa shi, ta yi shiru. Abin da ya faru shi ne, ramukan sun yi faɗin da iska ke shiga tana yawo ba gaggawa, fetur kuma ya sami bango mai santsi sai ya kwanta yana gangara kamar ruwa a faranti, maimakon ya gauraya da iskar. Sai da ya take totur har ƙasa sannan ta kama, da wata irin kururuwa da ta sa kajin layin duka suka hau katanga.

"Kun ji?" ya yi ihu. "Kun ji huhu?"

"Rage mata!" in ji Ba-Ragi.

Ya ɗaga ƙafa kaɗan. Ta mutu.

Nan aka gane halin da motar ta fito da shi. Ba ta san silo ba, ba ta san sannu ba. Ko dai ta yi kururuwa ko ta mutu. Kuma ko a cikin kururuwar tana ɗingishi, kamar mai ƙafa huɗu da ke taka uku.

Ya sake tayarwa, ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle ɗaya ta dira gaban shagon Wanzami, ta mutu. Ya sake, ta yi tsalle ta dira gaban mai gyaran takalmi. Haka suka bi layin da tsalle kamar kwaɗo, Ba-Ragi tana ɗaga kiret sama duk lokacin da za a dira, tana saukewa in an tsaya, bakinta bai daina aiki ba.

"Yayanka da hannu ɗaya yake tuƙa ta, ɗayan yana ɓare mini gyaɗa!"

"Sabon huhu ne, Matar Yaya, sai ta saba da shi!"

Jama'a suna biye da su a ƙafa, ba wanda ya ko ɗaga sauri. Wata tsohuwa mai sanda ta wuce su, ta tsaya a gaba tana jira.

Kafin su kai gindin tudu inji ya yi zafi. Cingam ya saki, ruwan zafi ya sami sabulu. Sai ga kumfa tana fitowa ta salansa, fara tas, ƙanana da manya, tana tashi sama tana sheƙi a rana. Ta rufe titi, ta rufe tsohuwa mai sanda har wuya. Wata mata ta fito da gudu da kwanon wanki ta tara.

"Injiniya," in ji Wanzami, "wannan kuma wane mataki ne?"

"Wankin ciki take yi. Sai injin da ya kai wani matsayi yake wanke kansa."

Daidai gindin tudu ta yi wani dogon nishi ta mutu, mutuwar da ba ta yi kama da na baya ba. Injiniya ya fito, ya cire tabarau.

"Wanzami, shiga ka murza, ka take totur har ƙasa. Zan leƙa in ga yadda take shaƙa."

"A'a, ka dai matsa."

"Ni da na yi mata maƙogwaro zan ji tsoronsa?"

Ya sunkuya, ya kafa ido ɗaya a bakin kafireto. Wanzami ya murza. Motar ta ja iska, ta riƙe, ta riƙe, sannan ta yi wata atishawa da aka ji har kan tudu. Wuta ta fito ta sama, tare da wani abu fari da rawaya da kore, ya watsu a fuskar Injiniya tun daga goshi har haɓa. Sai wari ya biyo baya. Mutane suka ja da baya suna toshe hanci, mai kwanon wanki ta zubar da kumfarta ta gudu.

Tela ya matso a hankali, ya sa yatsa ya ɗauko wani ɗan ɓawo daga girar Injiniya, ya ɗaga sama.

"Jama'a! Ga ƙwan da na ci!"

Dariya ta ɓarke har wasu suka zauna a ƙasa. Injiniya ya share ido ɗaya, ya dubi tudu, ya dubi haɓar zanin Ba-Ragi inda makulli yake lilo. Ya leƙa kiret. Ko ɗaya bai tsage ba.

"Matar Yaya, tsaya. Me muka yi da ke? Cewa kika yi in kai ki ƙofar kanti a cikin motar nan. Kin ce da inji?"

Ba-Ragi ta dubi fuskarsa, ta dubi tudun da ta saba hawa da kiret a ka.

"Ban ce da inji ba."

"To in na tura fa?"

"Sharaɗi yana nan yadda yake. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Shaidu kun ji!"

Wanzami ya riƙe sitiyari. Injiniya ya tuɓe riga ya sa kafaɗa. Wasu suka taso za su taimaka, Ba-Ragi ta leƙo ta taga ta ce ciniki da mutum ɗaya ta yi. Motar nan ta ƙarfen da ce, ba irin gwangwanin yanzu ba. Ya tura, ta matsa taki ɗaya, ta dawo rabi. Ya tura da baya, ya tura da ka. Takalminsa ɗaya ya cire ya gangara, ba wanda ya bi shi. Rana ta take. Ƙwan fuskarsa ya bushe ya zama kamar fenti, ƙudaje suka yi masa rakiya. Ita kuwa ta gyara zama, ta kishingiɗa, tana gaisawa da mutanen da ke bakin hanya.

"A hankali wajen ramin nan, direba."

Tun daga tsakiyar tudu ake jin numfashinsa, fiii, fooo, kamar zugazugin maƙeri. Hancin nan mai faɗin ƙofa ya buɗe iyakar buɗewa, bai ishe shi ba, ya haɗa da baki.

Da suka iso ƙofar kanti ya zube a ƙasa. Mai kanti ya fito ya karɓi kiret, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ce lafiya lau. Injiniya ya miƙo hannu daga inda yake kwance.

"Ma... makulli."

Ba-Ragi ta fito, ta kakkaɓe zaninta, ta kwance makullin. Ta tsaya a kansa, ta sa farce ta kankaro ɗan gwaiduwa daga goshinsa, ta nuna masa.

"Wannan mene ne?"

"Ƙwai."

"Na wa?"

Ta juya wajen shaidu.

"Tela, saya ya yi ko aro?"

"Aro, Inna."

"Wanzami, a ina ƙwan nan yake da muka taso?"

"A cikin mota."

"Ya iso lafiya?"

Wanzami ya dubi fuskar Injiniya. "Gaskiya bai iso lafiya ba."

Injiniya ya yunƙura ya zauna. "To ai tun a gindin tudu ya fashe! Kina gani! Me ya sa kika bar ni na turo ki har nan?"

"Kai ka ce za ka tura. Ni kuma ƙwai zan kawo. In hana ka alheri?"

"Matar Yaya, ƙwai ɗaya ne fa. Ɗan ƙarami. Na budurwar kaza. Ki rage mini."

Jama'ar da suka biyo su suka zaro ido, don ba a taɓa jin wanda ya faɗa mata wannan kalmar ido da ido ba. Ta miƙa wa Tela makulli ta saman kansa.

"Gobe ka kawo keken ɗinkinka. Maganaɗisun nan kuma ka bar shi a tsohon shago, ina da kaza mai jinya."

Ta buɗe ƙofar baya ta koma ta zauna, ta ɗora kiret ɗin da babu komai a cinya.

"Injiniya, tashi ka mai da ni gida, sauka ba wuya, gangara ce. In mun isa ka nemo mini ƙwaina yadda na ba ka shi."